Faranti Bakwai

Lahadi, 3 ga Maris, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Bakwai. Faranti bakwai aka kawo wa Baba ranar da ya cika shekara tamanin da ɗaya.

Dole in rubuta, in ba haka ba zan fasa wani abu a kicin. Duk aikin A-Hang ne. Ƙanena, mai mota, mai ofis, wanda gidan shayin da muke zuwa kowace Lahadi tun muna yara ya yi masa kaɗan yanzu. Wai ƙasa da maiƙo, wai ana haɗa mu tebur da baƙi, wai masu tura keken abinci suna yi wa mutum ihu a ka. Shi da matarsa Yuet-ling suka nemo wani sabon wuri a hawa na ashirin da takwas, inda ake yin dim sam, ƙananan abincin da ake ci da shayi, amma na zamani. Tun farko na ce a'a. Wa ya saurare ni? Ni ce mai wanki, ni ce mai dama wa Baba kunun shinkafa shekara shida tun rasuwar Mama, amma ranar biki ba ni da baki.

Wurin nan, kai! Ba keke, ba kwandunan gora a jibge suna tururi, ba butar shayi a tebur. Shayin ma mai sanyi ne, a kofin gilashi, da fure a ciki. Baba ya nemi kwanon da zai ɗauraye tsinken cin abinci, yarinyar da ke kawo mana ta ce ai a wanke suke. Aka fara kawowa ɗaya bayan ɗaya a kan wani baƙin dutse. Ƙullin jatan lande ƙwaya ɗaya tal, an shafa masa ruwan zinare. Ƙafar kaza ba ƙashi, to me za a tsotsa? Wani kuma duk kumfa, kamar ruwan wanke-wanke. Kowanne sai an tsaya an karanta mana tarihinsa, abinci yana hucewa.

Mutum irin Baba, da ya yi shekara arba'in yana sayar da kifi, ba ya zama bai ƙirga abin da ke gabansa ba. Da aka kwashe na ƙarshe, yarinyar ta rusuna ta ce shi ke nan, da fatan mun ji daɗi. Baba ya ce, "Nawa ke nan?" Ta yi murmushi ta ce, "Bakwai, Kaka."

Ko yaron goye a Hong Kong ya san faranti bakwai abincin dawowa daga jana'iza ne. Bakwai muka ci ranar Mama. In tebur ya tsaya a bakwai, ko dafaffen ganye ne sai a ƙara ɗaya.

Baba ya ajiye tsinke, ya goge baki, ya miƙe. Ya ce, "A-Hang, na gode. Ka hutar da kowa, na ci nawa tun da raina."

"Baba, ba haka ba ne..."

"Kada ka ƙara taka mini ƙofa."

Abin da ya sa nake jin kamar in yi ihu shi ne, ranar Alhamis ɗin nan likita ya ja ni da A-Hang gefe ya faɗa mana abin da ya gani a cikin Baba. Ba zan rubuta sunansa ba. Ya ce wata uku suka rage masa. A bakin matakalar asibiti muka yi alkawari Baba ba zai ji ba, don ba a ɗora wa tsoho irin wannan. Kwana uku da alkawarin, ga abin da aka yi.

Ni dai ban ƙirga ba. Hankalina yana kan abin da Baba yake ci. Ban ƙirga ba.

Litinin, 4 ga Maris, takwas na safe

Na kai masa kunu. Ya ture kwanon ya ce, "Wanda aka gama cin abincin makokinsa ba ya karya kumallo." Shayi kawai ya sha.

Talata, 5 ga Maris, ɗaya na rana, a shago

A-Hang ya bugo ina tsaka da rage wa wani tsawon wando. Na bar keken ɗinkin yana gudu don ya san ba zaman banza nake ba.

"Yaya, ya ci wani abu?"

"Cokali uku. Kana so in ƙirga maka? Ai kai ba ka iya ƙirga ba."

"Yaya, takwas na zaɓa. Na rantse takwas ne a takardar jerin abincin. Takwas, don sa'a, don Baba. Har na nuna wa Yuet-ling."

Na ce masa takarda ba ta shiga cikin mutum, abin da aka kawo tebur shi aka ci. Na ce da ka bar mu a wurinmu, inda mutum yake ɗaga murfin kwando da hannunsa ya ɗauki abin da ya ga dama, da wa zai ƙirga? A can mutum yakan ci sha biyar bai sani ba. Kai ne ka kai mu inda ake auna wa mutum abinci kamar magani.

Ya ce, "Haka ne, Yaya." Wannan "haka ne" ɗin ya fi ba ni haushi. Tun yana yaro haka yake, a zage shi ya sunkuyar da kai, sai kai mai zagin ka zama mugu.

Na ɓata wandon. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Alhamis, 7 ga Maris, shida na yamma

Cokali huɗu da rabin lemo. Ya ce in daina tsaya masa a ka kamar mai gadi.

Lahadi, 10 ga Maris, sha ɗaya na safe

Baba ya ƙi zuwa gidan shayinmu. Tunda nake ban taɓa ganin Lahadin da Baba bai sa hularsa ƙarfe bakwai ba, ko ranar guguwa sai ya leƙa ya ga ko sun buɗe. Yau yana zaune da rigar barci yana kallon bango.

Na tafi ni kaɗai in sayo masa. Teburinmu na kusa da ginshiƙi, wasu 'yan caca da jaridar tseren doki sun mamaye shi, ɗaya har ya ɗora ƙafa a kujerar Baba. Anti Fong ta hango ni tun daga ƙofa. Shekara ashirin da biyar tana tura keken nan, ba abin da ke wuce ta.

"A-Shan! Ina tsohon? Ko ya koma cin zinare a sama, mu talakawa mun yi masa wari?"

"Anti, bar ni. Ba ni ƙullin jatan lande biyu, da naɗin shinkafa, a ɗaure mini."

"A ɗaure? Jatan lande a roba? Kafin ki kai gida ya zama takalmi." Ta matso da keken har ya taɓa mini gwiwa. "Na ji labari. Bakwai, ko? Tabɗi. Wane ɗan banza ne ya tsara haka?"

Na ce A-Hang.

Ta ce, "A-Hang? Yaron da ko ɗaga murfin buta ba ya yi sai ya kalli fuskar ubansa? Anya?" Ta yi mini wani kallo. Na ce mata ta tura kekenta gaba, mutane suna jira. Ta tafi tana kiran ƙafar kaza da ƙarfi, kamar da ni take.

Ina ruwanta? Kowa a unguwar nan sai ya sa baki a abin da bai shafe shi ba.

Na kawo gida da gudu, da ɗuminsa. Baba ya buɗe, ya shinshina, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya rufe ya ce, "Ba a kai wa mutum shayin Lahadi gida. Ko a je, ko a bari." Na ce to mu je mana, ga tasi a ƙasa. Ya ce, "In zauna da wa? Da ɗan da ya ƙosa?"

Ni na cinye su a tsaye a kicin. Anti Fong ta yi gaskiya, takalmi ne.

Talata, 12 ga Maris, biyar na yamma

Wawan nan A-Hang ya koma wurin. Ya bar ofis ya hau hawa ashirin da takwas don ya tambayi ina farantinsa na takwas ya shiga. Wa ya aike shi? Abin da ya faru ya faru, tonon me yake yi?

Manajan ya duba littafi ya ce masa ranar Asabar, ana gobe biki, wata mace ta bugo ta ce a cire gasasshiyar agwagwa daga teburin gidan Mak, wato namu, kuma kada a kawo ta ko gaban mutum ɗaya. Suka cire. Ba wanda ya ce a maye gurbinta, su kuma yara ne 'yan zamani, ba su ga komai ba.

Ka ji sakarci. Gidan abinci guda, a garin nan, ba babba ko ɗaya a kicin da zai ce ku tsaya, takwas a cire ɗaya nawa ke nan? Da a wurinmu ne, mai shara ma sai ya tare. Laifinsu ne. Nasu ne da na wanda ya kai mu.

A-Hang ya ce, "Yaya, ban da ni, Yuet-ling ce kawai take da lambar wurin. Kuma ta daɗe tana cewa agwagwa maiƙo gare ta."

Na ce, "Kai ka san matarka."

Abin da na ce ke nan. Ban ce ita ce ba. A duba, ban ce ba.

Laraba, 13 ga Maris, bakwai na safe

Wandon Baba yana zamewa. Na ƙara wa belinsa huda biyu yana banɗaki.

Alhamis, 14 ga Maris, shida da rabi na yamma

Ya zo. Na buɗe ƙofa na gan shi da rigar ofis, idanu sun faɗa, da ƙunshin ganyen shayin da Baba yake so. Ban ce masa shigo ba, ban kuma hana shi ba.

Ya shiga kicin ɗina ya dafa ruwa, ya zubar da na farko yadda Baba ya koya mana. Ya fito da ƙaramin kofi a hannu biyu. Mutum mai shekara arba'in da tara, da furfura a gefen kai, ya durƙusa a gaban kujerar Baba ya miƙa. Ya ce, "Baba, sha shayi. Na yi kuskure."

Kowa ya san ƙa'ida. In babba ya karɓa ya kurɓa, magana ta mutu. In bai karɓa ba, tana nan.

Baba yana kallon talabijin, ana hasashen yanayi. Tururin kofin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. A-Hang yana nan a durƙushe da kofin a hannu. Can Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kuskuren me? Ka faɗi abin da ka yi, da dalilin da ya sa ka yi."

"Ban lura ba ne, Baba."

"Ƙarya. Ɗan da na haifa ya iya ƙirga zuwa takwas. Akwai abin da kake son faɗa mini, ka rasa baki, ka aiko faranti. Tashi ka ba ni wuri."

Ina tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ya wuce ni ya zuba shayin a wurin wanke-wanke, ya wanke kofin, ya kife. Ya ce, "Sai an jima, Yaya. Na gode da kike kula da shi."

Na gode, wai. Da ya zage ni da ya fi mini.

Juma'a, 15 ga Maris, tsakar rana

Ban buɗe shago ba. Kaina ke ciwo.

Asabar, 16 ga Maris, uku na rana

To. Littafina ne, ba mai karantawa.

Ni ce na buga wayar.

Na ga hoton takardar a wayar Yuet-ling lokacin da take nuna mini don ta burge ni, na haddace lambar da ke ƙasa. Na ga agwagwa. Kowa ya san mai irin ciwon Baba ba ya cin agwagwa, tana ciyar da abin ne, haka Mama ta ce, haka mai maganin gargajiya na ƙasan benenmu ya ce. Baba kuwa in ya ga agwagwa ba ya jin kira. Da an kawo wa kowa an tsallake shi, sai ya tambayi dalili. Shi ya sa na ce a cire ta gaba ɗaya. Ban faɗa wa A-Hang ba don zai ce camfi ne, mu yi ta musu. Na buga daga shago, minti ɗaya, na koma kan ɗinkina ina jin na yi dabara.

Takwas a cire ɗaya. Ni da nake auna tufafi tun ina 'yar shekara sha shida.

Don shi na yi. Don ya ƙara kwana na yi. Wa ya damu da abin da ke shiga cikinsa in ba ni ba? Su hoton gari suke ɗauka ta taga. Da ba su kai mu can ba, da ba takarda, da ba waya, da ba komai. Har yanzu ina nan a kan bakana, su suka fara.

Amma in na ce wa Baba ni ce, zai ce don me. Ba ya karɓar rabin magana, na ga yadda ya yi wa A-Hang. In na faɗi don me, na faɗi abin da likita ya ce. In na yi shiru, zai tafi da yunwa, yana ganin ɗansa ya ƙosa ya mutu.

Ina zan sa kaina?

Lahadi, 17 ga Maris, tara na safe

Ba mu je ba. Ya tambaye ni yau wace rana, na ce Lahadi, ya ce oho.

Talata, 19 ga Maris, huɗu na yamma

Asibiti. Kilo huɗu ya ragu. Nas ɗin ta kalle ni ta ce, "Ba kwa ba shi abinci ne a gida?" Saura kaɗan in kwaɗa mata jakata.

A-Hang ya zauna a mota a waje, don Baba ya ce ba ya son ganinsa. Da na fita sayen ruwa ya gaya mini Yuet-ling ta koma gidan uwarta tun ranar Juma'a. Sun yi faɗa. Ya ce mata ta amsa laifinta, ta ce ba ita ba ce, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, ta haɗa jaka.

Na ce za ta dawo. Na sayi ruwan na manta shi a kan kanta.

Juma'a, 22 ga Maris, biyu na rana, a shago

Yuet-ling ta zo. Shekara sha huɗu da aurensu, ba ta taɓa shiga shagona ba, ƙurar zare tana sa ta atishawa. Ta tsaya tsakanin rigunan da ke rataye da takalminta mai tsini. Na ce in gyara ta kawo, sai mako mai zuwa.

Ta ce, "Yaya, na je wurin washegarin da A-Hang ya je. Na ce su nuna mini lambar da ta bugo." Ta kalli wayar da ke jikin bango.

Na ce, "To? Je ki faɗa masa. Me kike jira? Ai kin samu abin da kike nema a kaina tun tuni."

"In na faɗa masa, zai zo gidanku yana ihu, Baba ya ji komai daga ɗaki. Ba haka ya kamata ya ji ba."

"Shi ne kika bari mijinki yana zarginki?"

"Ni zan jure. Ina da ƙarfi, ina cin abinci." Ta yi atishawa. "Baba ne ba ya ci."

Ta juya ta fita. Ko zagi ɗaya. Ko kallon banza.

Tir! Wa ya ce ta rufa mini asiri? Wa ya roƙe ta? Shekara sha huɗu ina kiranta 'yar kwalliya a bayan idonta, yau ita ce za ta shigo shagona ta fi ni hali. Na kulle ƙofa na yi kuka, kukan haushi, har maƙwabciyata mai sayar da maɓalli ta buga bango ta ce lafiya.

Asabar, 23 ga Maris, biyar na yamma

Na ce, "Baba, na san wanda ya cire faranti ɗaya. Ba zan faɗa ba sai a teburinmu, gaban A-Hang da matarsa." Ya ce in goge masa rigarsa mai ruwan toka.

Lahadi, 24 ga Maris, uku na rana

Na je tun shida da rabi na kama teburin. 'Yan cacan suka zo suka tarar da ni, ɗaya ya buɗe baki, na kalle shi, ya ja abokansa gaba. Na ɗauraye kofi huɗu. Na ce a kawo baƙin shayin Baba, mai ƙarfi.

A-Hang ya hau da Baba matakala ba tare da ya taɓa shi ba, hannunsa dai yana bayansa a iska. Yuet-ling ta zo daban. Muka zauna. Wuri ya cika maƙil, kwanuka suna ƙara, wani yana faɗa da matarsa a bayanmu. Anti Fong ta taho da keke ta ce, "Ah, Kawu Mak, ka sauko daga sama?" Sai ta ga fuskarsa da yadda rigar ta yi masa yawa, ta haɗiye sauran, ta ja keken gefe ta tsaya.

Na zuba. Na miƙe, na zagayo, na durƙusa a kan wannan ƙasa mai maiƙo da siket ɗina mai kyau. Na miƙa da hannu biyu.

"Baba, sha shayi. Ni ce. Ni na buga waya na ce a cire agwagwa. A-Hang takwas ya zaɓa. Bai san komai ba, Yuet-ling ma ba ruwanta."

Na ji kujerar A-Hang ta motsa. Ban kalle shi ba.

Baba ya ce, "Don me?"

"Don maiƙo."

"A-Shan."

Sai na faɗa. A nan, tsakanin keken ƙafar kaza da keken wainar ƙwai, na faɗi sunan abin da nake ƙin rubutawa. Na ce likita ya gaya mana, muka ɓoye.

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Wannan na sani tun ranar da kuka fito daga ɗakin likita kina yi mini dariya. Ke da ba kya dariya. Na zauna ina jira in ga wanne cikin 'ya'yana zai buɗe baki ya faɗa mini kamar mutum. Sai na ga faranti. Na ce ashe abin da na kai ke nan a wurin ɗana." Ya juya ya kalli A-Hang, ya daɗe. Sannan ya dawo kaina. "Nawa ya ce?"

"Baba..."

"Kofin yana hucewa. Nawa ya ce?"

"Wata uku."

"Daga yaushe?"

"Ƙarshen Fabrairu."

Na ga yatsunsa suna tafiya a kan tebur, yana ƙirga. Ya ce, "Lahadi sha uku ke nan. Ɗaya an kai ni sama, biyu na zauna ina kallon bango, ɗana yana zaune a mota kamar direban haya. Uku sun tafi a shirunki, A-Shan. Ba ki da inda za ki samo mini su."

Ya karɓi kofin ya shanye tas. Ya ajiye, ya tura shi gaban A-Hang ya ce, "Kai kuma zuba mini. Wancan na ranar Alhamis nake bi." A-Hang ya ɗauki butar yana kuka kamar yaro, rabi a kofi rabi a tebur. Baba ya sha, ya ƙwanƙwasa masa tebur da yatsa biyu, alamar godiya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Fong, kin tsaya kallo ne ko sayarwa? Kawo jatan lande."

Ya ci uku. A-Hang ne yake ɗora masa a kwano.

Na tashi, gwiwata duk maiƙo. Na zuba wa Yuet-ling, ta karɓa tun kafin in gama magana ta sha. Na zuba wa A-Hang. Na ce, "A-Hang, sha shayi." Ni, yayarsa, da na goya shi a wannan matakalar.

Ya ce, "Kina tsaye a ƙofar kicin, Yaya. Kina kallona a ƙasa."

Bai karɓa ba. Na ajiye a gabansa, yana nan har muka tashi.

Litinin, 25 ga Maris, takwas na safe

Baba ya shanye kununsa, ya ce gishiri ya yi kaɗan. A-Hang ya bugo wayar gida, da ya ji muryata ya ce in ba Baba. Suna can suna ta hira, ina jin dariyar Baba daga kicin.

Saura Lahadi tara.